Ina neman wanda bai goge muryar Mannir ba

Shekara tara ke nan da muka rasa Mannir, ƙanena, autan gidanmu. Duk shekara idan lokacin ya zagayo, abin da muke yi bai wuce a dafa abinci a kai masallaci, a yi masa addu'a, kowa ya koma harkarsa ba. Bana abin ya ƙi tafiya haka. Tun kafin damina ta sauka ƙafata ba ta zauna ba, daga Kurfi zuwa Dutsin-Ma, daga Dutsin-Ma zuwa ƙauyukan bakin dam ɗin Zobe, ina neman abin da mu da kanmu muka roƙi jama'a su kawar. Muryarsa nake nema. Mahaifiyarmu ce take son ta ji ta, kuma har yau da nake wannan rubutu ban samo ba.

Duk wanda ke da matashi a gida ya san Ukun Zobe, ko yana so ko ba ya so. Su ne 'yan hip-hop ɗin nan, masu gambarar zamani, da waƙarsu ke tashi a shagon aski da gidan biki da cikin motar haya, tun daga Katsina har Kaduna, har Maraɗi. Mutum biyu ake gani a hoto, Rabe da Sama'ila. Idan 'yan jarida suka tambaye su dalilin da ake ce musu uku, sai Rabe ya ce na ukun yana gida. Bai yi ƙarya ba. Na ukun shi ne Mannir, kuma yana kwance a maƙabartar da ke bayan unguwarmu a Kurfi.

Mahaifinmu, wanda kowa ke kira Malam, limamin masallacin unguwa ne, zauren gidanmu kuma makaranta ne tun zamanin kakanmu. Mannir ya sauke Alƙur'ani da wuri, ga murya, ga saurin harshe. Ni na goya shi, saboda haka ina da bakin faɗa: yaro ne mai surutun tsiya. Idan aka aike shi sayen gishiri sai ya dawo da labarin duk wanda ya gamu da shi a hanya, a jere, har da ƙafiya, gishirin kuwa ya baro shi a teburin mai shago. Da ya tafi Dutsin-Ma karatu sai ya haɗu da Rabe, wanda ke aiki a shagon buga takardu yana haɗa kiɗa a kwamfutar maigidansa idan ciniki ya yi sanyi. Sama'ila ɗan masunta ne daga bakin dam, Allah Ya ba shi zaƙin murya, shi aka ba amshi.

Na taɓa zuwa inda suke ɗaukar waƙa, da niyyar in kama shi in kai rahoto gida. Wani ɗan ɗaki ne a bayan shagon. Sun jingina katifu a bango don kada ƙarar janareta ta shiga, sun sa wa makirufo safa, safar ma ba wankakkiya ba. Na shiga da faɗa a bakina, Mannir ya jawo mini benci ya ce in zauna in saurara, in ban ji sunan garinmu ba in kai ƙararsa duk inda na ga dama. Na zauna ina harararsa. Kafin waƙar ta ƙare na manta da abin da ya kawo ni, na koma gida ban kai rahoton komai ba.

Waƙar tumatir mutane suka sa mata suna. A kan masu noman rani na bakin Zobe suka yi ta, yadda mutum zai yi watanni yana ban ruwa, ranar da kaya suka nuna ya jera kwanduna a bakin titi, motar da zai loda ta ƙi zuwa, rana ta gama da su yana kallo. A tsakiyarta Mannir ke shigowa da baitinsa, yana kiran ƙauyuka ɗaya bayan ɗaya, Tamawa, Makera, da sauran waɗanda ko direban mota sai an yi masa kwatance. Kuma da harshenmu yake yi, bai lanƙwasa bakinsa ya koma Bakano ko Ba'amurke ba. Mutanenmu sun saba jin sunan Kano da Legas a waƙa. Da mutumin Tamawa ya ji an kira garinsu a kan irin wannan kiɗa, sai ya ji kamar an gaishe shi a cikin taro.

Ba su sa ta a intanet ba, kuma a nan ne duk abin da ya biyo baya ya samo tushe. Lokacin data tana tsada, sabis kuwa da ka bar kwalta sai ka hau tudu. Waƙa a wurinmu masu turi take bi, samarin nan da ke zama da kwamfuta a rumfar kasuwa, ka miƙa musu memorin wayarka su cika maka. Mannir ya kai musu ranar kasuwa, daga nan ta yi ta tsallakawa daga waya zuwa waya ta bulutut. Kafin rani ya ƙare 'yan acaba sun haddace ta, masu shayi sun haddace ta, mata na daka suna amshi. Amma duk wannan tashe iyakarsa Dutsin-Ma da Kurfi da ƙauyukan da ke kewaye. Wani mai shirya wasa daga Kano ya aiko yana neman su, suna ta shirin tafiya.

Malam ya san abin da ake ciki. Sau ɗaya ya kira shi zaure ya yi masa magana, Mannir ya rantse ba ya zagi a waƙa, ba ya siffanta mata. Malam ya ce Allah Ya shirya, bai sake tayar da zancen ba. Ba ya so, amma bai kore shi ba, kuma kwanonsu ɗaya har ranar ƙarshe.

Ranar ƙarshen ta zo da rana tsaka, a hanyar Dutsin-Ma zuwa Kurfi. Babur da mota. Ko asibiti ba a kai da shi ba, wayarsa kuwa gutsattsarinta aka tsinto a kan titi.

A kwana na biyu na zaman makoki, maza na kan tabarmi a ƙofar gida, wani ɗan acaba ya kawo mai ta'aziyya, waƙar tumatir na tashi daga 'yar lasifikar da ya ɗaure a babur. Bawan Allah bai san gidan da ya zo ba. Daidai baitin Mannir ya tsaya. Mu ma a cikin gida mun ji, kuka ya dawo sabo. Waɗanda ke waje sun ce Malam ya ɗaga kai ya saurara har baitin ya ƙare, bai ce a kashe ba. Bayan sadakar uku ya sa aka kira masa Rabe da Sama'ila. Ina bayan ƙyauren zaure na ji abin da ya ce musu.

"Ku kuna da rai, kuna iya tuba gobe. Shi ya tahi. Duk sanda aka kunna abin nan, tsoro nike a rubuta mashi. Ku taimake ni mu sauke mashi kaya."

A gabansa Rabe ya goge duk abin da ke cikin kwamfutar, wanda aka saki da wanda ba a saki ba, yana yi yana share hawaye da hannun riga. Malam bai tsaya nan ba. Mutumin da in ya fito ake durƙusawa a gaishe shi, shi ya ɗauki sandarsa ya shiga kasuwar Dutsin-Ma, rumfa rumfa, yana tsayawa a gaban samarin da ya yi jika da su yana roƙonsu su goge muryar ɗansa. Babu wanda ya iya haɗa ido da shi. Aka yi cigiya a masallatai bayan Juma'a, a Kurfi da Dutsin-Ma da ƙauyuka. Cikin ɗan lokaci goge waƙar Mannir ya zama gaisuwar mutuwa. Mutum zai zo ya yi ta'aziyya, ya ciro waya ya nuna, ya ce Malam, na goge, Malam ya sa masa albarka. Masu bidiyon biki suka yanke inda ya fito. Wanda aka ji yana kunna ta a tasha, 'yan'uwansa 'yan acaba ne za su tare shi su tambaye shi ko ba ya tausayin mamaci.

Ni ma na goge tawa, kamar kowa. Ban ga laifin Malam ba a lokacin, yau ma ban gani ba. Uba ne da ya kasa tare wa ɗansa mota, ya ga akwai abin da zai iya tare masa, ya tashi tsaye. Jama'a kuma don ƙauna suka yi. Abin da babu wanda ya lura da shi a cikinmu shi ne, ba mu da Mannir a ko'ina sai a cikin waƙa. Karatunsa mai daɗin nan babu wanda ya taɓa ɗauka, don kullum yana nan, wa zai ɗauki abin da yake ji safe da yamma? Waƙar kaɗai aka ɗauka, ita kuma muka bi ta gida gida.

Rabe da Sama'ila sun so su bar waƙa. Malam ya ce shi bai sa su ba bai hana su ba, abin da ya roƙa kawai kada su rera baitin da Mannir ya tsara. Suka tafi Kano su biyu, suka sake waƙar tumatir da sabon baiti, wannan karon suka sa ta a intanet. Abin da ya biyo baya kowa ya gani. Daga gidajen biki suka koma manyan zaurukan wasa, daga rediyo suka koma talabijin. Sama'ila, wanda in ya shigo gidanmu sai Inna ta ce wa ya kawo kifi, shi ne yau a allon talla yana riƙe da kwalbar turare. Rabe ya sa baƙin gilashi ya ƙi cirewa, har na tambaye shi ko ciwon ido ne ya kama shi a birni. Ni malamar firamare ce, kuma 'yan ajina in an tashi tara waƙarsu suke yi suna buga tebur. Ba zan ɓoye ba, na yi shekaru ina jin haushinsu. Ba su yi mini komai ba, duk sallah suna zuwa gaida Inna, da Malam ya rasu su suka riga dangi isowa. Haushin dai na ganin suna girma ne, nawa yana nan yadda na bar shi.

Nakan tambayi kaina me Mannir zai ce da ya ga yau. Na san zai yi wa gilashin Rabe baiti guda. Na san zai yi murna da jin yaran Katsina suna gambara da harshen gida ba tare da kunya ba, don shi ya fara buɗe wannan ƙofa a wajenmu. Ban sani ba ko zai so yadda waƙoƙinsu na yanzu suka cika da motoci da 'yan mata, ƙauyukan da ya riƙa kira kuma wasu yau sai da addu'a ake bin hanyarsu, babu mai sa su a waƙa. Abin da zai fi ba shi mamaki shi ne yanzu ba a iya goge komai. Yaro zai yi tari a gaban waya, kafin la'asar an gani a Jidda. Da ya ƙara shekara ɗaya a duniya, da Malam ya zagaye kasuwannin Arewa kaf bai kawar da muryarsa ba. Shi dai ya faɗo daidai lokacin da roƙon dattijo ɗaya yake iya share mutum.

Bana da bazara na je gida da hantsi na tarar da Inna tana ɓarar gyaɗar iri a tsakar gida. Na zauna ina taya ta. Ba zancensa muke ba, zancen tsadar taki muke. Sai ta tsaya da hannu a cikin faifai, ba ta dube ni ba.

"Ke, wai ni ƙaƙa muryar Auta take? Fuska tai ina gani. Muryar ce nike nema ban samu."

Na buɗe baki zan kwatanta mata. Na ce tana da ɗan kauri, na ce in ya yi dariya takan shaƙe. Ina faɗa ina jin magana ce kawai nake jerawa, don ni ma da na nema a cikin kaina ban same ta ba. Na tuna abin da ya ce a wurare da yawa, na tuna yadda yake karkace baki, amma sautin ya tafi, ban ma san yaushe ya tafi ba. Inna ta ci gaba da ɓarar gyaɗa, can ta ce in da za a samu ko kaɗan ne, da ta ji sau ɗaya. Tun daga ranar hankalina bai kwanta ba.

Na fara da masu turi. Yawancinsu sun bar sana'ar, wani yana sayar da caja da gilashin waya, wani ya koma noma, kwamfutocin sun mutu an sayar wa 'yan gwangwan. Na bi 'yan'uwa na tattaro tsofaffin wayoyi daga ƙasan akwati na kai wa mai gyara, aka tayar da waɗanda za su tashi, babu komai ciki sai wa'azi da dambe. Wani masunci ɗan'uwan Sama'ila ya ce shi bai goge ba, na miƙe tsaye don murna, sai ya ƙarasa da cewa wayar ta faɗa ruwa tun shekarar. Abin da ya fi ci mini rai shi ne yadda ake tarbata. Da na ambaci waƙar sai mutum ya dafe ƙirji ya rantse mini cewa tun ranar da aka yi cigiya ya goge, yana jiran in yaba masa. Sai in yaba masa, in sa masa albarka kamar yadda Malam ke yi, in fito ina jin kamar in kurma ihu. Ban taɓa sanin mutanen ƙasarmu suna jin magana haka ba.

Na ajiye Rabe a ƙarshe, don a raina na ce ba yadda za a yi mai haɗa kiɗa ya rasa inda ya ɓoye kwafi. Da ya zo Kurfi na tsare shi a zaure na ce ya faɗa mini gaskiya, ba zan yi fushi ba. Ya cire gilashin, abin da ban taɓa gani ba tun da ya yi suna.

"Yaya Hajara, wallahi da na ɓoye da na kawo tun kahin ki tambaya. Ni na riga ki nema. Baitin yana kaina, amma in na tuno shi da muryata nike jin shi."

Ya ce duk garin da suka je wasa, in ya ga mutumin wajenmu sai ya ja shi gefe ya tambaya. Ya ce akwai masu na'urar da ke kwaikwayon muryar mutum yanzu, amma su ma sai an ba su ta asali sun ji. Na dubi yaron da na yi shekaru ina jin haushinsa, na ga ashe rashinmu ɗaya.

Akwai tambayar da ke hana ni sukuni ko da zan samu. Idan na kunna, na karya roƙon Malam ke nan? Na ɗora wa Mannir kayan da aka sha wahala aka sauke masa? Na je wurin Baffa, ƙanen Malam da ya gaje shi a limanci. Ya daɗe yana jan carbi, sannan ya ce malamai sun yi saɓani a kan waƙa tun kafin a haife mu, shi ba zai ce mini e ba, ba zai ce a'a ba, abin da ya sani Allah Ya fi mu tausayin yaron. Na kawo wa Inna wannan amsa ina tsammanin za ta ce a bar zancen. Ta gyara ɗaurin kallabinta.

"In da zunubi a rubuta mani. Ni na roƙa, ba shi ba."

Idan na auna abin da ya rage na Mannir, ba kaɗan ba ne. Akwai abokai biyu da suka riƙe alkawarin dattijo har ya fi ƙarfin son ransu, kuma suka ƙi rage sunansu ya koma biyu. Akwai yaran da ke tsara baiti a Kurfi da Dutsin-Ma ba su san wa ya share musu hanya ba. Akwai ƙasa guda da ta so shi har kowa ya rabu da waƙar da yake ƙauna don ya kwanta da sauƙi. Duk wannan na sani, ina kuma gode wa Allah. Amma babu ɗaya a ciki da zan iya kai wa Inna in ce ga shi, saurara.

Shi ya sa na kawo maganar jarida. A duk taro ba a rasa mai taurin kai. Na tabbata akwai wani, wataƙila ɗan acaba da ya tafi Legas ci-rani kafin a yi cigiya, ko amaryar da aka kai nesa da memori a cikin kayanta, ko wanda ya ji roƙon Malam sarai ya ce shi dai ba zai iya ba. Wataƙila shekara tara kana ɓoye ta kana jin kunya. Kai nake nema. Babu mai zarginka, babu mai tambayar dalili. Ka zo Kurfi, ko ka aiko, duk wanda ya san zancen waƙar tumatir zai nuna maka gidan.

Sai dai ka yi sauri. Kunnen Inna ya fara nauyi. Watannin baya in na yi sallama daga zaure takan amsa, yanzu sai na zo gabanta na taɓa ta. Jiya jikarta ta yi mata magana har sau nawa, tana ta murmushi tana gyaɗa kai, ba ta ji ko ɗaya ba. Allah Ya jiƙan Mannir, Ya jiƙan Malam, Ya haɗa su a inda babu saɓani. Kai kuma da ba ka goge ba, don Allah kada ka jira shekara ta goma.